Gawo mai tsawon taƙi ɗaya: Sana'ar ƙera ƙananan bishiyoyi da abin da za ta adana wa yankin Bakolori

Dare uku na yi ina murɗa waya kafin na gama bishiyata ta farko. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Na kafa ta a kan guntun katako, na zuba mata ganyen soso kore shar, sannan na jera gero a ƙarƙashinta wanda na yi da zaren buhu, shi ma kore, kamar yadda gona take a tsakiyar watan Agusta. Da zan je gaishe da kawuna a wani ƙauye da ke yankin Bakura sai na tafi da ita, ina sa ran yabo.

Kawu manomi ne, ya haura shekara 70. Ya karɓa, ya juya ta sau biyu, ya tambaye ni wane icce ne wannan. Na ce gawo.

“Wanga ba gawo ba na, yaro,” in ji shi. “Ina ka taɓa ganin gawo da ganye gero na tsaye?”

Ya fi ni gaskiya. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwanmu: da damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi kore. Shi ya sa manomi ke barin sa a tsakiyar gona, domin ba ya tare wa gero rana, ga taki daga ganyen da ya zubar, ga 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. A gindin gawo na yi ƙuruciya, amma sai da na zo ƙera shi na gane ban taɓa tsayawa na kalle shi da kyau ba.

Daga ina sana'ar ta fito?

A Turai da Amurka da Japan akwai mutane masu yawa, galibinsu manya masu iyali, da suka mayar da haɗa ƙaramin layin dogo abin sha'awarsu. Sukan shimfiɗa shi a kan tebur ko a cikin ɗaki guda, jirgin yana tafiya da wutar lantarki, ga tasha, ga gada, ga ƙauye, ga daji. A bidiyon YouTube na fara cin karo da su.

Mafi girman irin wannan aiki a duniya yana birnin Hamburg na ƙasar Jamus, ana kiran sa Miniatur Wunderland. Wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, su ne suka buɗe shi a shekarar 2001. Tsawon layin dogon da ke cikinsa ya haura kilomita 15, ƙananan bishiyoyin da aka kafa sun wuce 100,000, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya ke biyan kuɗi su shiga kallo a shekara.

Jirgi da tarago da layin dogo duk ana sayen su a shago, kamfanoni ke yin su. Bishiya ma ana sayar da ita a leda, amma ƙwararru sun fi son su yi tasu da hannu. Dalili kuwa, mutum zai iya kallon ƙaramin jirgi bai gane an yi kuskure ba, tunda ba kowa ya san jirgi ba. Bishiya kuwa kowa ya san ta. Da an kuskure, ido zai ce wani abu bai yi daidai ba, ko da mai kallon bai iya faɗin mene ne ba.

Lissafin farko: Ɗaya bisa 87

Kafin a taɓa waya sai an yi lissafi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, wato ɗaya bisa 87. Ma'anarsa, duk abin da ke da tsawon santimita 87 a zahiri, santimita ɗaya zai zama a kan tebur. A Ingila sun fi amfani da ɗaya bisa 76, masu ƙaramin wuri kuma sukan ɗauki ɗaya bisa 160.

A ma'aunin 87, magidanci mai tsawon mita 1.7 bai cika santimita 2 ba. Gawo mai mita 15 zai zama santimita 17. Giginya mai mita 20 za ta zama santimita 23. Tsohuwar kuka mai kaurin mita 5 daga gefe zuwa gefe za ta kusa santimita 6.

Sababbin shiga sukan yi kuskure a nan. Suna ƙera bishiya gajera saboda suna ganin kamar ta yi tsawo da yawa. Ka tsaya kusa da tsamiyar bakin kasuwa ka gwada ta da shagon da ke gefenta, za ka ga ta ninka shi sau uku ko fiye. Haka ya kamata ta kasance a kan tebur.

Wanda lissafin 87 ya yi wa wuya sai ya ɗauki ɗaya bisa 100, irin wanda masu zanen gine-gine ke yawan amfani da shi: mita ɗaya, santimita ɗaya.

Me ya sa na shago ba za su yi mana ba?

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Talata Mafara ba. Layin da ya fi kusa da mu shi ne wanda ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Kaura Namoda a shekarar 1929, domin kwasar gyaɗa da auduga. Faɗinsa milimita 1,067 ne, bai kai na layin Abuja zuwa Kaduna ba, mai milimita 1,435, wanda aka buɗe a 2016.

A ce wani matashi daga Maradun yana son ya ƙera samfurin jirgin gyaɗa yana barin Kaura Namoda da kaka. Jirgin zai iya yin odarsa ta intanet. Amma idan ya sayi bishiyoyin leda, abin da za a aiko masa itatuwan ƙasashen sanyi ne masu tsini kamar hular gwangwani. Da ya kafa su, Zamfara ta ɓace daga teburin. Kuka mai katon ciki, gawo mai buɗaɗɗen kai, giginya mai kumburi a wuya da goruba mai rassa, dole ya yi su da hannunsa.

Hannun kuwa muna da shi. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san motar kara: a feƙe ɓawon karan dawa, a yanka totuwa, a soke da tsinke ko ƙayar aduwa, kafin la'asar an fitar da babbar mota har da tayoyi da bodi. Wasu yaran da gwangwani suke yi, wasu da waya. Ba wanda ya koya musu lissafin ma'auni, amma idonsu ya san taya ba ta fin kan mota girma.

Yadda ake yin ƙashin bishiya

Kayan aikin duk ana samun su a kasuwar Mafara: siririyar wayar tagulla daga tsohuwar wayar lantarki ko kwayil ɗin fanka da ya ƙone, farin gam irin na kafintoci, garin katako, guntayen soson katifa, igiyar rama, fenti mai narkewa a ruwa ko galura, rariya, almakashi da filaya. A fere robar wayar da wuƙa. Kada a ƙona ta, hayaƙin guba ne.

Domin gawo mai santimita 17, a yanka silin waya kamar 30 zuwa 40, kowanne santimita 25. A haɗa su wuri ɗaya a murɗe kashi ɗaya bisa uku daga ƙasa, wannan shi ne gangar jiki. A bar santimita 2 a can ƙasa: a baza wasu su zama saiwoyi, a bar wasu a murɗe su zama turken da za a soka a katako.

Daga sama sai a raba wayar gida biyu ko uku, a murɗe kowane kaɗan, a sake raba shi, a sake murɗewa, har a kai ga sili ɗaya ɗaya. Kada rassan su fito daga wuri guda kamar haƙarƙarin lema, kuma kada tsawonsu ya zo ɗaya. A nan ake gyara siffa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da an shafa gam magana ta ƙare.

Ɓawon jiki kuma da farin gam ake yi, a kwaɓa shi da garin katako mai laushi da ɗan toka. A shafa sau biyu ko uku, ana bari yana bushewa, har murɗin wayar ya ɓace. Kafin shafin ƙarshe ya bushe sai a ja zane da tsinke idan iccen mai kaushin jiki ne.

Kuka ba ta son waya da yawa. A ɗaure guntayen totuwa ko a naɗe takarda a jikin wayar har kaurin ya kai, sannan a shafe sumul. Sai dai totuwa abincin ƙwari ce, don haka a rufe ta da gam sosai, kada a bar kafa.

Wanda ba ya son murɗa waya zai iya amfani da busassun saiwoyin ƙananan tsirrai, domin saiwa idan aka juya ta sama tana kama da rassa. Turawa ma suna da wata ciyawa da suke busarwa domin wannan aiki, sukan jiƙa ta a ruwan gilisarin don kada ta riƙa karyewa.

Launi da ganye

A makarantar firamare an saba mana da zana jikin bishiya da ruwan ƙasa. Fita ka duba. Yawancin itatuwanmu ruwan toka ne. Jikin kuka toka ne mai ɗan sheƙi, ƙananan rassan gawo fari-fari ne, tsamiya da ɗorawa sun fi duhu kuma jikinsu a tsattsage yake. A fara da fenti ruwan toka, idan ya bushe a bi shi da baƙin fenti mai ruwa-ruwa domin ya shiga cikin tsagogin.

Ganye ba a manna shi kai tsaye a jikin waya. Sai an fara yin ƙananan rassa. A warware igiyar rama, a yayyanka ta gajeru kamar rabin santimita, a shafa gam a ƙarshen rassan, a barbaɗa. Zaren soson wanka na gargajiya ma yana yi.

Shi ganyen, soson katifa ne ake jiƙawa a niƙa ko a goge shi ya zama gari, a cuɗa shi da fenti, a shanya, a tankaɗe. Garin katako da aka rina da galura shi ma yana aiki. A yi kore kala uku: mai duhu, matsakaici da mai haske. A tsarma gam da ruwa a fesa, a fara barbaɗa mai duhu daga ƙasa, a ƙare da mai haske daga sama, inda rana ke bugu.

Girman garin ma lissafi ne. Ganyen mangwaro mai santimita 20 zai zama milimita 2 da ɗoriya, don haka yana son gari mai tsakuwa-tsakuwa. Ganyen tsamiya da na gawo ƙanana ne ƙwarai, sai gari mai laushi kamar na tuwo. Giginya da goruba kuma da takarda ake yanka ganyensu kamar mafici, a tsattsaga bakin da reza.

A guji cika ganye. Bishiyar gaske tana da kafofin da ake hango sama ta cikinsu, musamman gawo da aduwa. Tsamiya ce kawai za a cika wa kai, kuma a bar gindinta babu ciyawa sosai, kamar yadda take a fili.

Abin da ido kaɗai ke koyarwa

Kuskurena na farko bai shafi waya ko gam ba. Ban zaɓi lokaci ba. Dole mai ƙira ya yanke shawara: wane wata ne a kan teburin nan? Idan Agusta ce, kuka ta yi ganye, gawo babu. Idan Janairu ce, gawo ya yi kore, kuka ta tsaya da 'ya'yanta suna reto, ƙasa ta yi fari, kuma komai na son a barbaɗa masa ɗan tankaɗaɗɗen turɓaya saboda ƙurar hunturu. Idan an doshi bazara, ɗorawa na da jajayen furanninta masu kama da tuntu.

Sannan itatuwanmu suna ɗauke da tabon hannun mutane. Kukar da ke kusa da gari rassanta dungu-dungu ne saboda masu sassabe ganyen miya. Gawon da ke kan burtali makiyaya sun sare masa rassa. Ƙasan kan aduwa a daidaice yake, iyakar inda bakin akuya da raƙumi ke kaiwa. Wani iccen akwai amya a tsakanin rassansa, wani an ɓare masa ɓawo domin magani. Dogonyaro kuwa, wanda asalinsa daga yankin Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, wurinsa bakin titi da harabar makaranta da ƙofar gida. Wanda ya cika tsohon daji da shi ya yi kuskuren tarihi.

Ba a samun waɗannan a bidiyon Turawa. Sai an je gindin iccen an ɗauki hotonsa ta fuska huɗu, a tsayar da mutum kusa da shi domin awo, sannan a tambayi tsofaffi.

Darasi daga wani ƙauyen Ingila

Wani ɗan Ostireliya mai suna Roye England ya isa Ingila a shekarar 1925. Ya ga yadda tsofaffin gidajen ciyawa na karkara ke ɓacewa, ana rushe wasu, ana sauya wa wasu fasali. Sai ya shiga auna su yana ƙera samfurinsu ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya zama gidan tarihi na Pendon, wanda aka kafa a 1954 kusa da birnin Oxford, inda ake nuna karkarar yankin da jiragenta kamar yadda take a shekarun 1920 da 1930, a ma'aunin ɗaya bisa 76.

Cikin itatuwan da suka ƙawata wannan karkara a wancan zamani akwai wani dogo da suke kira elm. Daga ƙarshen shekarun 1960 wata cuta ta kashe fiye da miliyan 25 na irinsa a Birtaniya. Yaron da aka haifa bayan haka, idan yana son ya ga yadda ƙauyen kakansa yake da waɗannan itatuwa, sai dai a tsohon hoto ko a irin wannan samfuri.

Mu ma muna da ƙasar da ta sauya fuska a cikin rayuwar mutum ɗaya. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita 5.5, kuma an gina ta ne domin ta riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon cuku. Tafkin ya ci gonaki da ƙauyuka a yankin Maradun, aka tashi dubban mutane. A ɓangaren Talata Mafara da Bakura kuma an baje ƙasa, an sare itatuwa, an haƙa magudanan ruwa domin noman rani. Rikicin diyya ne ya kai ga arangamar watan Afrilun 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta aka rasa rayuka da dama.

Waɗanda suka san ƙasar kafin madatsar yanzu sun tsufa. Su ne za su iya cewa a nan kukar gari take, a can layin giginyu yake a bakin fadama, ga ɗorawar da aka raba gado a kanta. Su ma itatuwan da suka tsira gatarin masu itace da masu gawayi bai bar su ba. Ga matsalar 'yan bindiga da ta raba ƙauyuka da dama da mutanensu, har akwai yaran da ke tasowa a cikin gari ba su taɓa taka gonar mahaifinsu ba.

Wa zai ɗauki aikin?

Ba sai an jira jirgin ƙasa ba. Dabarun nan su ne dai ake amfani da su wajen haɗa samfurin gini. Ɗaliban zanen gine-gine, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna haɗa irin wannan a karatunsu, kamfanonin gina rukunin gidaje a manyan birane kuma sukan ajiye shi a ofis domin nuna wa masu saye. Duk suna buƙatar bishiyoyi. Matashin da ya ƙware a kuka da dogonyaro da giginya yana da abin sayarwa da babu shi a ledar da ake shigowa da ita.

Makarantun da za su iya riƙe aikin suna nan kusa: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara duk a Talata Mafara suke, ga kwalejin aikin gona a Bakura. Bangon Bakolori gaba ɗaya ba zai shiga ɗaki ba, domin a ma'aunin 87 zai kai mita 63. Amma ƙauye ɗaya daga cikin waɗanda ruwa ya ci, da rijiyarsa da rumbunansa da itatuwansa, zai zauna a kan tebur biyu. Aji ɗaya zai iya gama shi a zangon karatu guda, idan aka zauna da dattawan da suka fito daga can tun suna da ƙarfin ba da labari.

Bishiyar waya ba ta ba da inuwa, ba a kuma yin miya da ganyenta. Dawo da ta gaske sai da shuka da kuma barin kututture ya tofo, kamar yadda manoman jihar Maraɗi suka yi tun daga shekarun 1980 har gonakinsu suka sake cika da itatuwa. Amma yaron da ya yi mako guda yana kallon gawo domin ya ƙera shi, zai san sunansa da amfaninsa, kuma da wuya ya wuce ana sare shi bai ce komai ba.

Bayan wata biyu na koma wurin Kawu da bishiya ta biyu. Wannan karon na bar mata ganyen, na cire geron, na zuba busasshiyar ƙasa da guntayen kara, na manna jajayen 'ya'ya a murɗe a ƙarƙashinta. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce yanzu kam gawo ne, amma na manta da awaki, domin bai taɓa ganin 'ya'yan gawo sun kwana a ƙasa ba. Daga nan ya shiga ba ni labarin wani gawo da ke iyakar gonar mahaifinsu kafin zuwan katafila, yana nuna mini da hannu inda babban reshensa ya karkata gabas. Na ɗauko biro na zana. Shi nake murɗawa yanzu.